Shin zuƙe iska daga leda yana hana bandar kifi lalacewa?

Mai bandar tarwada: Assalamu alaikum. Ina sana'ar bandar tarwada, ina ƙulla ta a leda saboda masu saye daga nesa, amma bayan kwana huɗu ko biyar sai in tarar ledar ta yi gumi daga ciki, kifin kuma ya yi fumfuna. An ba ni shawarar in sayi injin da ke zuƙe iska kafin ya liƙe leda. Shin zai magance mini wannan asara?

Malamin kimiyyar abinci: Wa alaikumus salam, Hajiya. Injin zai rage fumfuna da bakteriyar Pseudomonas mai jawo yauƙi da wari, domin dukkansu ba sa rayuwa sosai sai da iskar oksijin. Sai dai akwai wadda rashin iskar ne ke buɗe mata hanya, wato Clostridium botulinum, kuma nau'inta na E da ake samu a kifi yana iya hayayyafa ko da sanyi ya sauka zuwa kusan digiri 3 a ma'aunin Salshiyas. Gubarta tana shanye jijiyoyi har ta tsayar da numfashi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kifin yana iya ɗauke da gubar alhali ƙamshinsa bai canza ba, tunda an danne ƙwayoyin da warinsu ke yi wa mai ci gargaɗi. Shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ba da ƙa'idar cewa gishiri ya kai kashi 3.5 cikin 100 na ruwan jikin irin wannan kifi, sannan a ajiye shi a firji.

Tsohuwar dillaliyar kifi: 'Yar'uwa, gumin nan alama ce cewa kina ƙulla kifin da sauran ɗuminsa, ko kuma bai gama bushewa ba. Bandar Baga da ake kawowa a kwali tana jimawa ne saboda an busar da ita ƙayau.

Mai bandar tarwada: Na gode ƙwarai. To, Malam, mu da wutar lantarki ba ta tsaya mana ba fa?

Malamin kimiyyar abinci: Idan haka ne, Hajiya, kada ki zuƙe iskar kifi mai taushi ko kaɗan. Ki sa masa gishiri, ki banda shi har ya riƙa karyewa a hannu, ki bari ya huce sarai kafin ya shiga leda, domin bakteriya ba ta hayayyafa inda babu danshi.