Ƙanena yana ɗaurin talala a Amurka, yana so ya sulalo gida ya ga Hajiya

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kaina ya ƙulle. Ƙanena yana Bronx, a New York. Ya yi shekara biyu a gidan yari kan faɗa, aka sake shi da sharaɗi, abin da suke kira parol. Duk wata sai ya bayyana gaban jami'insa, kuma ba ya barin jihar sai da takarda. Saura wata 14. To jikin Hajiyarmu ya yi tsanani, tana kwance a asibiti nan Kano, ba ta da magana sai tasa. Fasfo biyu gare shi, na Amurka da na Najeriya. Jiya ya ce in saya masa tikiti daga nan, ya fito da koren fasfo ba tare da kowa ya sani ba. Kuɗin na hannuna. In saya ko kada in saya? Don Allah wanda ya gani da idonsa ya yi magana.

Abu Sadiƙ: Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma wa ya tsaya masa? In ya tsallake beli, wanda ya tsaya masa za a kama.

Direban Bronx: Malam, ba beli ba ne, an gama shari'a tuntuni. Sauran wa'adinsa yake ci a waje. Hajiya, kada ki saya. Ba a buga hatimin fita a filin jirgin Amurka, shi ya sa yara ke ganin abin banza ne, amma kamfanin jirgi yana miƙa wa hukuma sunan kowane fasinja. Ranar da ya ƙi zuwa ofis, jami'in ya je gida bai same shi ba, takardar kamu za ta fita, kuma ba ta ruɓewa.

Ɗan Fagge: Ya taho abinsa. In ya shige Kurmi ko ni da na san lunguna ba zan gano shi ba, balle Bature.

Tsohon Harlem: Ƙanwata, ni ba labari aka ba ni ba. A 2014 mahaifina ya rasu a Kumasi, saura mini wata tara. Na ce zan je in yi sadakar arba'in in koma, wa zai sani? Ina sauka Accra jami'ina ya fara kiran matata. Mako na uku suka buga mata ƙofa da asuba, suka duba har ƙarƙashin gado, ƴata mai shekara takwas tana tsaye da rigar barci tana kallo. Ni katin zama gare ni, ba ɗan ƙasa ba ne. Lauya ya ce in na dawo a filin jirgi za a karɓe ni, in an gama da ni a can a miƙa ni ga jami'an shige da fice. Na tsorata, na ce sai baɗi. Baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, katin ya mutu a aljihuna. Matar ta gaji ta nemi takardarta, ban ga laifinta ba. Yarinyar nan a waya na ga ta gama sakandare, hoton ma yana tsinkewa. Wata tara fa. Yau ina sayar da kayan gyaran babur a zango, kuma a littafinsu wata taran nan tana nan cif, ko kwana ɗaya bai ragu ba. Da na sani ƙeya ce.

Ummu Aiman: Innalillahi. Baba, Allah ya haɗa ka da ƴarka. To ba za ta iya zuwa Ghana ba?

Tsohon Harlem: Ta zo sau ɗaya. Kwana goma muna gaisuwa kamar baƙi.

Malamar Lissafi: Allah ya sassauta, Baba, amma zamaninka daban. A Satumba 2021 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar Less Is More, ta kankama a Maris 2022. Yanzu a New York wanda ya ɓace wa jami'insa, in bai yi sabon laifi ba, karon farko bai wuce kwana 7 a tsare ba, na biyu 15, na uku 30. Akwai laifukan da aka ware, sai a duba nasa.

Ɗan Fagge: Kwana bakwai? Ai bikin ƙanwata ya fi haka tsawo. Hajiya saya kawai.

Malamar Lissafi: Ka bari in ƙarasa mana. Dokar ta kuma ce duk kwana 30 da mutum ya yi lafiya ƙalau, a yafe masa 30. Ya tambaya ko wata 14 ɗin nan an riga an cire rangwamen, in ba a cire ba abin zai iya dawowa kusan bakwai. In ya gudu agogo ya tsaya, rangwame ya tsaya, kuma dokar fasfo ta ba su dama su hana shi sabunta na Amurka ko su soke shi.

Direban Bronx: Malama daga ina kike karanto mana wannan? Ni shekara 19 ina ɗaukar mutane zuwa gadar Rikers, tsibirin da gidan yarin New York yake. Abin da ke takarda daban, abin da jami'i zai rubuta a kanka daban.

Malamar Lissafi: Kai mutane bakin gada ba shi ne karatun lauya ba, Alhaji.

Direban Bronx: Ke ma lissafi aka ce, ba a ce shari'a ba. Hajiya, ya nemi izinin tafiya a rubuce, da takardar likita. Na san wanda aka bari ya je jana'iza a jihar Ohio. Na ƙasar waje kam da wuya, amma tambaya ba laifi ba ce. Lauya dala 1,500 ya karɓa wajen ɗan ɗakinmu.

Baban Yasmin: 1,500 a ina? Mu 5,000 muka biya, mutumin ko waya ba ya ɗauka.

Ummu Aiman: Mijina ya ce in an kama mutum kan saɓa sharaɗi kyauta ake ba shi lauya.

Direban Bronx: In an kama shi. So muke kada a kai nan.

Ɗan Maraɗi: Ya sauka Yamai, Nijar ba ta da yarjejeniyar miƙa masu laifi da Amurka. Najeriya da Ghana ne suka gaji ta Ingila ta 1931.

Tsohon Harlem: Ɗana, ni babu wanda ya zo nemana. Ba sa wahalar da kansu, jira suke.

Abu Sadiƙ: Ku kuna ta Amurka. Ni na tsaya wa ɗan maƙwabcina a wata kotu nan gida, yaro ya cika wandonsa da iska ya yi Libiya. Wata shida ina zarya, aka ce in kawo shi ko in biya kuɗin da na sa wa hannu. Ubansa ko sannu.

Baban Yasmin: Gara kai an karɓe ka. Mu ce mana aka yi sai ma'aikacin gwamnati mai mataki na 15 da takardar fili. Talaka ina zai samo darakta?

Ɗan Fagge: Akwai na haya a gindin bishiyar bakin kotu, har da hularsu.

Maman Hanifa: Jama'a, takardar likitan, da Turanci kawai za a rubuta ko sai an kai an buga mata hatimi? Ya sake kira yanzu.

Abu Sadiƙ: Baban Yasmin, nawa na hayar suka ce maka?