Neman taimako kan PlayStation 2 da aka sanya wa cif

Assalamu alaikum, malamai masu gyaran na'urorin gem. Ina da ɗan shagon buga gem a unguwar Tudun Wada, Gusau, kuma wata PlayStation 2 siririya, samfurin SCPH-70004 na kasuwar Turai wanda ya fito a 2004, ta tsaya mini a wuya.

Da yake na'urar ba ta karɓar faifan yankin Amurka, sai na kai wa wani mai gyara ya haɗa mata cif mai sa ta karɓi faifan kowane yanki, irin kwaikwayon cif ɗin Matrix Infinity, wanda ake liƙa siraran wayoyinsa a jikin allon na'urar da dalma. Da farko komai ya tafi daidai, amma yanzu faifan Turai kaɗai take karantawa. Idan aka sa na Amurka, sai ta yi ta ƙas-ƙas tana juya shi, daga nan ta fito da jan allon nan mai neman a saka faifan da ya dace. Tambarin cif ɗin ma ba kullum yake bayyana ba idan an kunna. Na goge idon lesa da auduga, ban ga canji ba.

Shin waya ce ta saki saboda zafi, tunda shagon rufin kwano ne mai ɗaukar zafi a bazara, ko kuwa idon ne ya fara mutuwa? Mai gyaran ya nace a sauya idon, ni kuwa ban gamsu ba, domin idon da ya raunana ba zai zaɓi yankin faifai ba. Kuma idan na koma ga Free McBoot, manhajar da ake sa wa a katin ajiya, sai an cire cif ɗin tukuna? Allah Ya saka da alheri.