Na mayar da wadda ta zalunce ni a makaranta muguwar littafina: in bar ta haka ko in sauya?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Yau ni ce da neman shawara, kuma don Allah a gaya mini gaskiya ko da ɗaci.

Ina rubuta littafina na biyu, na kai babi na 14. Muguwar da ke cikinsa ba ƙirƙirarta na yi ba. Wata ce da ke gabana da aji biyu a makarantar kwana, rabona da ita shekara 19. Ita ta laƙaba mini sunan da ya bi ni har na fita makarantar, saboda in'inar da nake yi lokacin. Ita ta zaro littafin sirrina daga ƙarƙashin katifa, ta hau gado ta karanta wa 'yan ɗakinmu tana kwaikwayon yadda harshena ke sarƙewa, suna ta shewa. Bayan wannan dare na shekara biyu ban ɗaga hannu a aji ba.

Harafi biyu kawai na sauya a sunanta. Wushiryarta tana nan, tabon gefen girarta yana nan, har kalmar da take faɗi in za ta sa mutum durƙuso. Sai na ƙara mata abin da ba ta yi ba: ta cinye dukiyar marayu, ƙarshe asirinta ya tonu a bainar jama'a. Ranar da na rubuta babin tozarcin nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

To jiya na ba wata 'yar ajinmu ta duba mini. Ba ta gama shafi uku ba ta kira ni, ta faɗi sunan matar. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Za a iya kai ni ƙara? Akwai haƙƙi a kaina? Abin da ya fi damuna ma, ina tsoron in na sauya ta, zafin da ke riƙe da labarin ya huce.

Mai Alƙalami:

'Yar'uwa, rama cuta ga macuci ibada ne. Bar ta yadda take! Ba a kanki aka fara ba. Dante, mawaƙin Italiya da aka kora daga birnin Fulorans a 1302, da ya zo siffanta Jahannama a waƙarsa, mutanen garinsu ya zuba a ciki da sunayensu, har da wani Filippo Argenti da ya tsoma cikin taɓo tare da masu zafin rai. J.K. Rowling ma ta faɗa cewa Pansy Parkinson ta labarin Harry Potter tana wakiltar duk 'yan matan da suka tsokane ta a makaranta. Wadda ta hau gado ta yi miki dariya ba ta nemi izininki ba, ke me zai sa ki nemi nata?

Barista:

Ƙanwata, sannu. Abin da aka yi miki zalunci ne, ba wasan yara ba. Amma ki bi maganar Malam Mai Alƙalami a hankali, don in ƙara ta zo ke za ki tsaya gaban alƙali, ba shi ba.

Dokar ɓata suna ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai dai tambayar farko kusan ɗaya ce: wanda ya san mutumin, in ya karanta, zai gane shi ake nufi? Ke kuwa 'yar ajinku ta riga ta amsa wannan a shafi uku. Sauya harafi biyu ba kariya ba ce.

Haɗarin ma ba a gaskiyar da kika rubuta yake ba, yana wajen gauraya ta da ƙirƙira. Wushiryar da tabon su ke nuna ta da yatsa, cin dukiyar marayun kuma shi ne ƙazafin. A jihar Jojiya ta Amurka, a 2009, wata mata ta yi nasara a kan marubuciyar littafin The Red Hat Club, wadda suka san juna tun suna yara. An ɗauki abubuwa da dama na rayuwarta na gaske aka ɗora wa wata a littafin, sannan aka mayar da ita mashayiya mai bin maza. Kotu ta ba ta diyyar dala 100,000.

Kada kuma ki dogara da rubutun nan na farkon littafi, cewa duk sunaye ƙagaggu ne. Asalinsa ma daga shari'a ya yaɗu: a 1934 Gimbiya Irina Yusupova ta Rasha ta kai kamfanin fina-finai na MGM ƙara a Landan kan wani fim da ta ce ya ɓata mata suna, aka ba ta fam 25,000. Rubutun yana nuna niyya, amma ba ya goge wushirya. Kafin ki kai maɗaba'a, ki nuna wa lauyan da ya san dokar inda za a buga.

Tsohuwar Edita:

'Yata, ni ba ta kotu nake ba, ta littafin nake.

Na duba rubuce-rubuce irin wannan da yawa, kuma tun a babi na biyu ake gane muguwar da aka rubuta don huce haushi. Ba ta da yunwa, ba ta da tsoro, ba wanda take so, ba ta taɓa yin daidai ko da bisa kuskure. Shigowa take ta yi mugunta ta fita. Mai karatu ba ya jin tsoron irinta, gajiya yake da ita. Wani lokaci ma sai ya fara tausaya mata, don yana ganin marubuciyar ta danne ta tana duka.

Ki lura da misalin Rowling da aka kawo miki: ba yarinya ɗaya aka ce ba, duk 'yan matan da suka yi tsokanar. Haɗa su aka yi aka fitar da mutum guda sabuwa. Ke ma ki yi haka. Ki ɗauki muryar wannan, tafiyar waccan, ki ba ta wata fuska da wani gida.

Kina tsoron zafin ya huce. Ba a tabon girarta zafin yake ba. Yana cikin daren nan: ita a kan gado, littafinki a hannunta, ke a tsaye harshe ya ƙi motsi. Wannan naki ne, ba mai ƙwace miki, kuma da na karanta shi a tambayarki sai da gabana ya faɗi. Satar dukiyar marayun kuwa ban ji komai ba, don ba ki gan ta da idonki ba. Ki tambayi kanki me muguwarki ke so a duniya, me take ɓoyewa. Ke daga ƙasa kawai kika san ta, kina durƙushe. Marubuci kuwa sai ya zagaya mutum ta ko'ina.

Wani ɗan zaure:

Anti, na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Ni na taɓa zama irinta. Akwai yaron da na takura wa a aji uku saboda ƙafarsa, kuma yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ba uzuri nake nema mata ba. Abin da nake so ki sani, da a ce ya rubuta ni ɓarawo, da na ce ƙarya yake, na samu mafaka. Da ainihin abin da na yi ya rubuta, babu ƙari, ban san inda zan sa kaina ba.

Malama:

A kan haƙƙi: aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Amma damar ta tsaya kan abin da ya faru. Jingina mata cin dukiyar marayu alhali mutane za su gane ta, wannan ya zama ƙage, kuma wataƙila yau tana da 'ya'yan da ba su ji ba su gani ba. Ba na ce dole ki yafe ba, 'yar'uwa. Yafiya ba a tilasta ta.

Mai nazarin halayyar ɗan Adam:

Barcin da kika samu gaskiya ne. A 1986 masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya sa ɗalibai rubuta abin da ya taɓa ƙona musu rai, minti 15 kullum har kwana huɗu, aka ga zuwansu asibitin jami'a ya ragu a watannin da suka biyo. Sai dai rubutun nan ba don a buga aka yi shi ba. A 2008 kuma Kevin Carlsmith da abokan aikinsa suka gano cewa waɗanda suka samu damar ramawa sun fi ci gaba da tunanin wanda ya cuce su, ransu ya fi ɓaci, a kan waɗanda ba su samu ba. In kika buga ta da kamanninta, duk wanda ya tambaye ki labarin littafin zai dawo miki da ita. Shawarata ki ajiye wannan kwafin don kanki, kada ki goge ko layi ɗaya, ki buɗe sabo don masu karatu.

Mai Alƙalami:

Na ji Barista, na janye batun sunan. Amma don Allah kada a sa ta mayar da muguwar nan abar tausayi. Wasu mutanen mugaye ne kawai.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama Edita, maganarki ta hana ni barci. Na koma babi na 14 na karanta, na ga babu ni a ciki ko kaɗan, ita kaɗai ce ana jifa. Na cire sunan da tabon da wushiryar. Dukiyar marayun ma ta fita. Daren littafin sirrina na mayar da shi babi na farko, kuma a karon nan na rubuta har waɗanda suka yi shewar, don na tuna biyu daga cikinsu ƙawayena ne.

Ɗan'uwa da ka ce ka taɓa zama irinta, in ba damuwa zan yi maka magana ta akwatin sirri. Ina so in san abin da ke ranka a lokacin da sauran yara ke dariya.