Ironclad: jirgin ƙarfe ne ko jirgin sulke?

Mai fassara: Malamai, ina neman kalmar Hausa ga ironclad, jiragen ruwan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Na rubuta "jirgin ƙarfe", amma hankalina bai kwanta ba.

Malamin tarihi: Gara da bai kwanta ba, Malam. Virginia, jirgin 'yan Kudu da ya gwabza da Monitor, jirgin 'yan Arewa, a mashigin ruwan Hampton Roads ranar 9 ga Maris 1862, gangar jikinsa katako ce, ragowar wani jirgi mai suna Merrimack da aka ƙona. Ƙarfen riga aka sa masa. Haka Gloire na Faransa na 1859. Ka ce "jirgin sulke", tunda kunne ya saba da motar sulke.

Injiniya: Na yarda, amma a duba ginin, domin akwai kalma ta biyu a ciki. Rumfar igwar Virginia katako ce mai kaurin ƙafa biyu, an kwantar da bangonta wajen digiri 36 don harsashi ya zame. A kanta aka shimfiɗa fallen ƙarfe mai inci 2 sau biyu, na ciki a kwance, na waje daga sama zuwa ƙasa. Ƙarfe shi kaɗai tsagewa yake yi, ƙusoshinsa su tsinke. Katakon ne ke shanye bugun, aikin da lifidi ke yi wa barde da dokinsa. Don haka katakon baya mu kira shi lifidin jirgi.

Mai fassara: Injiniya, ai sulke zobba ne da aka sarƙa, ba falle ba.

Injiniya: Gaskiya ne, ranka ya daɗe, amma ma'anarsa ta riga ta faɗaɗa. Kuma wasu jiragen Kudun sarƙa su aka yi da gaske. Ƙarfe ya yi musu ƙaranci, masana'antar Tredegar ta Richmond ce kusan kaɗai ke iya murza falle mai kauri. Virginia shi kaɗai ya ci sama da tan 700, har sai da aka ciro ƙarfen layin dogo aka murza. Jirgin Arkansas kuwa ko murzawar bai samu ba: ƙarafan dogo aka jera masa yadda suke, ɗaya a miƙe ɗaya a kife, suka cije juna. Illar ita ce kowane layin da aka cire ya rage hanyar da za ta kai ƙarfen bakin ruwa. Falle mai inci 2 ma ba ya hujewa da bugu ɗaya, sai an bi ramukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya, aikin ya yi ta jan lokaci.

Malamin tarihi: To mu tsaya a haka: jirgin sulke, jam'i jiragen sulke, katakon baya lifidi. "Jirgin ƙarfe" a bar wa irin Warrior na Ingila na 1860, wanda gangar jikinsa ƙarfe ce. Shi ma da yake an ɗora masa falle mai inci 4 da rabi, sai ka rubuta "jirgin ƙarfe mai sulke".