Ƙafar Hajiyarmu ɗaya ta kumbura bayan ciwon huhunta ya tashi, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyata. Shekararta 67, ta fi shekara 30 tana tuyar waina da itace a nan Gwammaja. Likita ya ce hayaƙin ne ya lalata mata huhu, ciwon da suke kira COPD, hanyoyin iska sun tsuke, ba ya warkewa sai dai lallaɓawa. Duk hunturu sai ya motsa. Bana da hazo ya sauko ta kama tari da koren kaki, aka ba ta maganin ƙwayoyin cuta da prednisolone mai rage kumburi, ta yi kwana tara a kwance, ko alwala a roba muke kawo mata.

Tarin ya lafa har mun fara murna. To jiya ina sa mata safa na ga sharaɓar hagu ta fi ta dama kauri, da ɗumi, in na taɓa sai ta janye. Yau da la'asar ta dawo daga banɗaki tana haki, ta ce wani abu na sukarta a ƙirji in ta ja numfashi. Ta shaƙi Ventolin, abin shaƙar da ke buɗe mata numfashi, sau biyu, bai yi mata komai ba. Yayarta ta ce sanyi ne, a shafa man zafi a murza, gobe wanzami ya yi ƙaho. Yau Alhamis, sai Litinin muke da ganin likita. Mu jira?

Nas daga Tarauni: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ki jira Litinin, kada ma ki jira gobe. Ku ɗauke ta yanzu zuwa sashen gaggawa na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala. Don Allah kada kowa ya murza ƙafar nan, kuma a mota ko adaidaita za ta tafi, ban da doguwar tafiya a ƙasa.

Abin da nake tsoro shi ne gudan jini. Idan ciwon huhu ya tashi, kumburin da ke cikin huhun ba a can kaɗai yake tsayawa ba, yana sa jini ya riƙa saurin daskarewa. Ga ƙarancin iskar oksijin na tsawon shekaru, wanda kan sa jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini har jinin ya yi kauri. Sai kuma kwanciyar kwana tara: naman sharaɓa ne ke tura jini sama idan mutum yana takawa, in ya kwanta sai jinin ya kwanta a jijiya. Gudan zai iya ɓallewa ya bi ta zuciya ya toshe jijiyar huhu, shi ne sukar ƙirji da hakin da abin shaƙa ba ya taɓawa. Ventolin hanyar iska yake buɗewa, ba ruwansa da hanyar jini.

Ki gaya wa likita abu uku da bakinki: ƙafa ɗaya ce, ta daɗe a kwance, kuma wannan hakin ya sha bamban da wanda kuka saba gani.

Ɗan Ƙofar Mata: Allah ya ba Hajiya lafiya. Kafin ku fita ku ba ta asfirin biyu, ai yana tsinka jini.

Mai harhaɗa magani, Sabon Gari: Malam, yi haƙuri, a'a. Asfirin ba shi ne maganin gudan jinin ƙafa ba, kuma mai shan prednisolone in ta haɗa da shi, ko da diclofenac, ko ibuprofen, tana iya samun zubar jini a ciki. A bar likita ya yanke. Hajiya ƙarama, ki zuba duk magungunanta a leda ki tafi da su, har na gargajiya. Idan aka ɗora ta a kan maganin tsinka jini, maganar ƙaho da tsaga ta ƙare, domin jinin ba zai tsaya da wuri ba. Ki faɗa wa yayar Hajiya da lalama, ita ma alheri take nufi.

Maman 'yan biyu, Hotoro: Na karanta hawaye na zuba. Babanmu haka ya yi, shi taba ce ta ja masa. An sallamo shi ya ji sauƙi, sati biyu bayan nan ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa, yana gumi cikin sanyin nan. Muka ce tarin ne ya dawo, muka ƙara masa bargo. Ashe zuciya ce. Allah ya jiƙansa. Daga baya likita ya ce mana makonnin farko bayan tashin ciwon su ne mafi haɗari ga zuciya da shanyewar ɓarin jiki, domin zuciya na gudu alhali iska ba ta isarta. Ki roƙe su su yi mata gwajin zuciya na ECG, kada a tsaya a hoton ƙirji kaɗai.

Nas daga Tarauni: Gaskiya ne, Allah ya gafarta wa Baba. In ƙara: da ƙafa biyun ne suka kumbura tare, sai mu fi zargin ɓangaren dama na zuciya ya gaji da turawa cikin huhu mara lafiya. Shi ma na asibiti ne. Kuma idan an sa mata oksijin kika ga na'urar yatsa tana nuna 88 zuwa 92, kada ki murɗa da kanki, da gangan ake tsayar wa masu COPD a nan.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun iso bayan isha'i, an ba ta gado. Sikanin ya nuna gudan jini a bayan gwiwar hagu, an yi mata allura a fatar ciki, gobe za a yi hoton jijiyoyin huhu. Yayar Hajiya ce ma ke riƙe da ledar magungunan. Hajiya ta samu barci yanzu. Anti Nas, in an sallame mu, kaskon garwashin da muke sa mata a ɗaki da daddare fa, mu daina?

Nas daga Tarauni: Ku fitar da shi, har da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Bargo biyu da safa, gidan sauro, kuma da zarar likita ya ba da izini ta riƙa takawa tsakar gida bayan kowace salla.