Idan itace yana sabuntuwa, me ya sa daji ke ƙarewa?

Malamar Kimiyya:
Assalamu alaikum, malamai. Manhajar ƙaramar sakandare ta raba albarkatun ƙasa gida biyu: masu sabuntuwa, irin su hasken rana, iska, ruwa da itatuwa, da waɗanda ba sa sabuntuwa, irin su man fetur, kwal da kuza. Ɗalibaina sun tambaye ni cewa idan haka ne, me ya sa dajin bayan garinmu ya ƙare har sai an kawo mana gawayi daga nesa? Wace amsa ta dace da hankalinsu?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki sa su auna komai da lokaci. Kwal ɗin da aka gano a Inugu a 1909 da man da aka samu a Oloibiri a 1956 ragowar halittu ne da suka shafe miliyoyin shekaru a binne kafin su rikiɗe, saboda haka duk abin da aka haƙo ya tafi ke nan. Bishiya kuwa tana dawowa cikin shekaru, muddin sara bai fi tsiro sauri ba.

Ɗan Maraɗi:
Malama, ki ba su misalin yankinmu. Tun daga shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka rage tumɓuke kututture lokacin sharar gona; sai mutum ya zaɓi toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran, har su zama bishiya. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawo ya fi yi mana rana, domin yana kakkaɓe ganyensa da damina, bai tare wa gero haske ba, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa.

Injiniyan Ruwa:
A ganina, littattafan sun yi gaggawa wajen sanya ruwa gaba ɗaya cikin rukunin farko. Rijiyar fadama tana cika duk damina, amma ruwan da ke ƙarƙashin hamada tsakanin Libiya, Masar, Sudan da Cadi ya taru ne dubban shekaru da suka wuce, kuma kusan babu abin da ke mayar da shi yanzu. Ki kawo bokiti aji, ɗalibi ɗaya yana zuba ruwa da kofi, wani yana ɗiba da kwano, sannan su yi musayar kofin da kwanon, su rubuta abin da suka gani.