Muhawara: Akwai littafin wanda ya rasa mazauni a adabin Hausa kuwa?

Malam Habu: Jama'a, salamu alaikum. Ga maganar da nake so mu tankaɗe mu rairaye. Ƙagaggun labaran Hausa na farko cike suke da tafiya, amma babu labarin mutumin da ya rasa mazauni a cikinsu. Matafiyi yana da inda ya fito, da abin da ya fita nema, da ƙofar da zai dawo ya yi sallama. Wanda ya rasa mazauni kuwa, ko ya tsaya ba isowa ya yi ba, ƙarfinsa ne ya ƙare. Ku duba littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya fita neman ruwan magani, ya sha artabu da Malam Zurƙe gari-gari, ya samo ruwan, ya komo gida da ɗaukaka. Wannan ai fatauci ne, a fita da jari a dawo da riba. Ku aza shi kusa da Rijal fi al-Shams na marubucin Falasɗinu Ghassan Kanafani, na 1963. Falasɗinawa uku, dattijo da saurayi da yaro, sun shiga tankin motar ruwa daga Basra za a tsallaka da su Kuwait. An ce 'yan mintoci kawai za su yi a rufe, sai ma'aikatan iyaka suka tsare direba da zolaya, zafin rana ya gasa su a ciki, ya kai gawarsu juji ya zubar. Ba gidan komawa, ba masauki a gaba. Irin wannan ne nake cewa ba mu rubuta ba.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka ɗauki wanda ya yi maka daɗi cikin littattafan gasar ka tsallake wanda zai rusa maka gini. Ina Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa? Mu ƙirga. Mahaifinsa ya rasu, ya tashi maraya a Kagara. Mijin uwarsa, Makau, makircin fada ya kore shi daga gari. An sace yaron, ya faɗa hannun Balarabe ɗan kasuwa, Abdulkarim, aka ƙetara hamada da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar. Uwa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su haɗu ba sai a Tarabulus, kuma haɗuwar ba ta daɗe ba ta cika. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayari. A ƙarshe ina ya zauna? Rauta, garin da ba a can aka binne cibiyarsa ba. A cikin duk wannan nuna mini tafiya ɗaya da Umar ya ɗaura niyyarta da kansa tun yana yaro. Ɗaukarsa ake yi ana ajiyewa kamar kayan ayari.

Malam Habu: Malama, na san da shi, da gangan na ajiye shi. Ki duba yadda littafin ya buɗe. Umar yana zaune, shaihin malami, almajirai kewaye da shi, aka tambaye shi asalinsa ya fara ba da labari. Tun shafin farko mai karatu ya san mutumin nan ya tsira, ya yi ilimi, ya samu buzu da daraja. Duk wahalar da za ta biyo baya an riga an biya diyyarta.

Dakta Lawal: Wannan batu na buɗewar labari gaskiya ne, Malam Habu, kuma yana da nauyi. Amma idan shi ne ma'auninka, to ka kori mafi shaharar littafin gushewar duniya da Japanawa suke da shi. Kamo no Chomei ya rubuta Hojoki a 1212, kuma a zaune ya rubuta shi. Rabin farko lissafin masifun da ya gani ne a Kyoto: gobarar 1177, guguwar 1180, ƙaurar da fadar sarki zuwa Fukuhara a wannan shekarar, yunwar 1181 zuwa 1182, girgizar ƙasar 1185. Rabi na biyu bayanin bukkarsa ce a kan dutsen Hino, faɗinta wajen mita uku tsawonta wajen mita uku, an haɗa katakanta yadda za a iya kwance ta a loda a amalanke biyu idan wurin ya gundure shi. Mutum ne mai mazauni, amma mazaunin da aka gina da niyyar tashi. Har a ƙarshe ya tuhumi kansa cewa son da yake yi wa bukkar ma wani ɗamfaruwa ne da duniya. Don haka zaman mai ba da labari bai isa hujja ba. Abin tambaya shi ne ko zaman ya goge asarar. A Shaihu Umar bai goge ba, uwar ta mutu a ƙasar wasu.

Malam Isiyaku: Ni gyarana daga wani ɓangare yake. Malam Habu yana magana kamar karatun Bahaushe ya fara a 1933. Wanda ya yi zurfi a karatun zaure ya san Muƙamar Hariri, wanda ya rasu a 1122. Muƙama hamsin ce, kowacce Harisu ɗan Hammam zai sauka wani gari ya tarar da wani tsoho ya tara jama'a da fasahar baki, yau mai wa'azi, gobe mai ƙara gaban alƙali, jibi makahon ƙarya, sai bayan an ba shi kuɗi ya gane Abu Zaidu ne. To me ya sa Abu Zaidu yake yawo? Garinsa Saruj ya faɗa hannun abokan gaba, ɗan gudun hijira ne da ya mai da harshe jari. Haka waƙoƙin Jahiliyya da ake biyawa a zaure, da yawansu da tsayuwa a kufai suke farawa, mawaƙi yana duban gurbin murhu da kashin dabbobi inda masoyiya ta taɓa zama. Sannan ga namu na wa'azi da ajami, inda duniya take gidan aro, rumfar kara. Wannan ɗanɗano ya riga boko zuwa ƙasar Hausa.

Malam Habu: Allah ya gafarta Malam, ba mu muka rubuta Muƙama ba, karanta ta muka yi. Kuma Abu Zaidu ma a ta hamsin ya tuba ya koma Saruj yana ibada. Ka ga ka kawo mini shaida da hannunka. Waƙar wa'azi kuma tana cewa duniya ba matabbata ba ce don ta nuna maka lahira, wato gida yana nan, a gaba ne kawai.

Malama Rabi: To yanzu ka sauya filin kokawa. Da farko cewa ka yi ba mu da wanda ya rasa mazauni, yanzu kana neman wanda ya rasa har da lahira. Wannan wani abu ne daban, kuma ba za ka same shi wurin Chomei ba ma, don shi mabiyin Buda ne mai fatan tsira. Bari in kawo ma'aunin da ake iya gwadawa da hannu. Ɗauki littafin, ka musanya babi biyu na tsakiya. Idan labarin bai ji ciwo ba, to carbi ne, zango-zango ne da aka zura a zare ɗaya. Ruwan Bagaja da Muƙama haka suke a mafi yawan sassansu, kuma ba aibi ba ne, ginin nasu ke nan. Idan kuwa labarin ya karye, to kowane zango yana cire wa jarumi wani abu da ba zai dawo ba. Gwada da Shaihu Umar: ba za ka iya kai mutuwar uwa gaban satar yaro ba, ba za ka iya kai guguwa gaban Tarabulus ba. Uba, gari, uwa, maigida, ɗaya bayan ɗaya ake zare su. A nan ne masu sabon rubutu kan ci-rani da tafiya Libiya suke yawan zamewa. Sai su jera Agadas, Dirku, Sabha, kowane gari da azabarsa, amma jarumin da ya bar gida shi ne dai ya isa gaɓar teku, bai rasa komai a cikinsa ba sai nauyin jiki. Mai karatu yana gajiya a zango na uku saboda azaba ta huɗu ba ta fi ta biyu ma'ana ba.

Hajiya Zulai: Ina tare da Malama a kan ma'auninta, amma akwai wurin da Malam Habu yake da gaskiya kuma ba wanda ya taɓo shi: mace. Marubuciyar Japan Hayashi Fumiko ta fitar da Horoki a 1930, littafin kwanakin budurwa mai sauya aiki da ɗakin haya, yau 'yar aiki, gobe mai kai abinci a shagon shayi, tana ƙirga kuɗin da ya rage mata. A 1951 ta fitar da Ukigumo, ma'anarsa gajimare mai yawo: Yukiko ta haɗu da Tomioka a Dalat ta ƙasar Vietnam lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka dawo Japan da aka ci da yaƙi, suka yi ta watangaririya har ta mutu a tsibirin Yakushima. Mace ce a tsakiyar labarin, kuma marubuciyar ba ta yanke mata hukunci ba. A namu, uwar Umar ita ta fi kowa shan yawo, amma ta bakin ɗanta muke jin ta. Harshen kansa yana da hannu a ciki. Namiji in ya fita, fatauci ne, ko ci-rani, ko neman ilimi. Mace in ta fita ba aure ba muharrami, kalmar da ke jiranta ita ce yawon duniya ko zaman kanta, kuma kalmar ta gama shari'a kafin a buɗe babi na biyu. Mai fassara Hayashi zuwa Hausa a nan zai fara tuntuɓe. In ya ce gantali ya zage ta, in ya ce yawon duniya ya ɓata ta, in ya ce tafiya ya wanke abin da ba a wanke ba. Dole ya bar sunan ya kama aikatau: ta tashi, ta kwashe kaya, ta bar bashin haya.

Dakta Lawal: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Ƙari ɗaya kan masu ɗauka cewa irin wannan littafi sakaka ake rubuta shi tunda rayuwar sakaka ce. Mawaƙin Japan Basho ya yi tafiyarsa ta arewacin ƙasar a 1689, wajen wata biyar, amma ya yi shekaru yana gyaran Oku no Hosomichi, bai fito ba sai 1702, bayan rasuwarsa a 1694. Da aka gwada shi da littafin kwanakin abokin tafiyarsa Sora, sai aka ga ya sauya wasu abubuwa, har labarin matan da ya ce sun kwana masauki ɗaya da su a Ichiburi babu shi a wurin Sora. Yawo ne a hanya, amma a takarda awo ne.

Malam Habu: Na janye rabi. Shaihu Umar ya shiga, bisa ma'aunin Malama Rabi, ko da yake har yanzu ina ganin buzun da aka shimfiɗa masa a shafin farko ya rage wa labarin zafi. Rabin da ban janye ba shi ne wanda Hajiya ta ƙarfafa mini: a littattafan 1933 babu wanda aka bar jaruminsa a tsakiyar ruwa yadda marubucin Sudan Tayeb Salih ya bar mai ba da labarinsa a kogin Nilu a Mausim al-Hijra na 1966, yana neman agaji, ba a gaya mana ko ya kai gaɓa ba.

Malam Isiyaku: Wancan ma a gaban ƙauyensu ya faɗa ruwan, Malam. Gidansu yana bayansa, ana iya hango shi daga gaɓa. Sai ka faɗa mana a wane rabin za ka sa shi.